Tulu Arba'in da Uku na Baba Meshach

Jawabin da Dakta Kauthar Idris ta Sashen Nazarin Ƙasa ta gabatar a taron tunawa da marigayi Meshach Shekwolo, shugaban masu lambu na jami'a.

Mai girma Shugaban Jami'a, ranka ya daɗe. Magatakarda, Daraktan Ayyuka, shugabannin tsangayoyi. Mai girma Dagacin ƙauyen da ke bayan katangarmu, wanda a gonakin kakanninsa muka gina ajujuwanmu. Fasto da Liman, da na ga yau benci ɗaya ya ishe su. Mama Clara, matar marigayi, da 'yarsa Patricia da sauran iyali. Matan ƙauye da ke zaune can baya, inda rumfar ba ta kai ba. Abokan aiki da ɗalibai. Ina yi muku sallama, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ce in yi magana a madadin Kwamitin Kula da Muhalli. Shekara tara ina sakatariyarsa. Mun yi zama fiye da sittin, mun sha shayi, mun rubuta rahoto. Baba Meshach bai taɓa zama a cikinmu ba, domin matakin aikinsa bai kai a ba shi kujera ba. Amma duk inuwar da kuka biyo daga babbar ƙofa har zuwa nan, tasa ce. Tamu tana cikin fayil.

Ya kasance mai faɗin gaskiya a hankali, yadda sai ka isa gida za ka ji zafinta. Shekarar da na fara aiki, mun shirya dasa itace ɗari biyar ranar ashirin da ɗaya ga Maris, saboda ita ce ranar da duniya ta ware wa dazuzzuka. Duniya ta ware, mu kuma muka bi, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama. Aka shafa wa shebur ruwan zinare. Manyan baƙi suka zo daga Maitama, kowa ya zuba ƙasa sau biyu, direba na riƙe masa da lema. Ina tsaye ina jin daɗin kaina, sai wani dattijo mai takalmin roba ya matso kusa da ni.

Ya ce, "Dakta, ku ɗauke su hoto da kyau."

Na ce, "Ai ana ɗauka, Baba."

Ya ce, "To madalla. Don ba za ku sake ganinsu ba."

Kafin ruwa ya sauka, duk sun bushe sai guda sha ɗaya, su ma a layin laburare kaɗai. Na ɗauki littafin rubutu na tafi bincike, ina zaton irin ƙasar wurin ce. Na tarar da dattijon nan, Baba Meshach, durƙushe, ya ɗaga wani ɗan dutse, ga bakin tulu a ƙarƙashi. Ashe ya binne tulun ƙasa irin na Kwali har wuya a gindin kowane dashe, yana cika shi sau ɗaya a mako, ruwan yana naso ta jikin yumɓu zuwa saiwa. Tulu sha ɗaya ya samu a ɗakin Mama Clara, shi ya sa itace sha ɗaya suka rayu. Mama, na san har yau ba wanda ya ba ki haƙuri a kan tulunanki. Ki yi haƙuri.

Na tambaye shi yaushe ya kamata a yi dashe. Ya ce, "Ruwa na farko kar ki yarda da shi, Dakta. Na biyu ma ki bar shi ya wuce. In an yi na uku, ki sa yatsa a ƙasa. In ya shige duka, sai ki kira manyanku da lemarsu." Na yi shekara huɗu a ƙasar waje ina karatun ƙasa. Ba wanda ya taɓa cewa in sa mata yatsa.

Ya kasance mai tuna mana cewa mun tarar da mutane a nan. A bayan sabon ɗakin taro akwai tsofaffin kaɗanya da ɗorawa guda arba'in da uku. Ba mu muka dasa su ba. Manoman wurin nan, in za su share daji, sukan sare komai su bar waɗannan biyu tsaye, domin daga gare su mata ke samun man kaɗe da kalwar daddawa. Da muka zagaye jami'a da katanga, itatuwan suka faɗo cikin rabonmu, matan da ke tsintar 'ya'yansu tun suna 'yan mata suka wayi gari sun zama masu kutse. Masu gadi suka riƙa korarsu.

Baba Meshach bai rubuta takardar koke ba. Ya ƙulla daddawa a ganye, ya tafi ofishin Magatakarda na wancan lokaci, ya zauna a benci tun safe. Kun san daddawa, kun kuma san ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Kafin azahar aka ce ya shigo. Ya ajiye ƙullin a kan tebur ya ce, "Oga, na kawo maka ta ƙarshe. Ka ce wa Madam ta riƙa sawa kaɗan-kaɗan." Bayan mako biyu aka fasa katanga, aka sa 'yar ƙaramar ƙofar nan da muke kira Ƙofar Mata.

Mu mun ɗauka alfarma muka yi. Ku duba abin da ya biyo baya. Matan nan su ke share ciyawa kewaye da itatuwan duk kaka, kuma tun daga lokacin gobarar daji ba ta sake tsallakowa ba. Masu gawayi sun daina haurowa, domin ba wanda zai sare itacen da uwarsa ke ci daga gare shi. Tulunan da ke binne a harabar nan, sama da dubu yanzu, matan nan ne suka ɗauko su a ka ta wannan ƙofa. A rahotonmu mun kira wannan haɗin gwiwa da al'umma, har aka ba mu lambar yabo. Tana ofis ɗina.

Ya kasance bai san ajiye aiki ba. Na je duba shi a asibiti kwana huɗu kafin rasuwarsa. Patricia, kina wurin. Na shiga ina shirin yi masa sannu, ya riga ni: "Dakta, layin masallaci da na coci, wa ke zuba wa tuluna ruwa?" Na ce ana zubawa. Ya dube ni ya ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Ki je ki ɗaga dutsen ki gani." Na je. Babu ko ɗigo. Tun ranar ɗalibanmu suka raba layukan a tsakaninsu.

Yanzu zan faɗi abin da kowa a nan ya sani. Mako uku bayan mun binne shi, aka bi itatuwan nan arba'in da uku aka shafa wa kowanne jan fenti. Sabon ɗakin taro yana bukatar wurin ajiye motoci. Ranar Alhamis Kwamitin Ayyuka zai zauna ya sa hannu. In ya sa, katafila za ta shigo, Ƙofar Mata kuma ta zama ƙofar da ke buɗewa kan kwalta. Ban ce motoci ba sa bukatar wuri ba, ni ma ina da mota. Amma a bayan filin wasa akwai jan fili inda aka ɗebi ƙasar gini, ko ciyawa ta ƙi shi. Tafiyar minti huɗu ce daga ɗakin taro. Na auna da ƙafata, da takalmi mai tsini.

A takardar shirin taron yau, abu na bakwai shi ne Shugaban Jami'a zai dasa itacen tunawa da marigayi. Na ga dashen a waje an ɗaura masa jan ƙyalle, na ga shebur ɗinmu na zinare. Ranka ya daɗe, yau sha huɗu ga Maris. Ko ruwa na farko ba a yi ba. Ina roƙo a mayar da dashen nan wurin renon itatuwa. In an yi na uku, ni da kaina zan sa yatsa, in zo in sanar da kai.

Ga abin da muka yi a madadinsa. Da safiyar nan matan ƙauye sun shigo da sababbin tuluna arba'in da uku, mun ajiye ɗaya a gindin kowane itace mai jan fenti. Na san da Baba yana nan zai yi mana dariya, ya ce tsohon itace ba ya bukatar tulu. Gaskiya ne. Mutane yake bukata. Saboda haka kowane tulu yana ɗauke da sunan wanda ya ce wannan itacen nasa ne, zai tsaya a gindinsa ranar Alhamis da duk ranar da ta biyo baya. Akwai sunan Dagaci. Akwai na Fasto da na Liman. Akwai malamai goma sha biyu, da ɗalibai, da masu shara, da ɗaya daga cikin masu gadin da suka taɓa korar matan nan. Mama Clara, naki yana gindin kaɗanyar da ke bakin ƙofa, inda Baba yake zama ya ci abincin da kika ƙullo masa. Ba za mu bari ki tsaya ke kaɗai ba. Patricia, mahaifinki bai bar muku gida a Maitama ba, amma ki shigo harabar nan da tsakar rana ki ga inda mutane ke fakewa.

Tulu arba'in da biyu ke da suna. Na ƙarshe yana gindin babbar ɗorawar da ke tsakiya, wadda ta fi jami'ar nan shekaru nesa ba kusa ba. Mun bar shi ba rubutu. Ranka ya daɗe, fenti da buroshi suna kusa da shi, kuma daga nan can za mu nufa gaba ɗayanmu. Hanyar duk inuwa ce, ba sai an riƙe wa kowa lema ba.

Na gode wa iyali da suka ara mana shi shekara ashirin da shida. Na gode wa duk wanda ya zo.

Allah Ya ba Mama Clara da 'ya'yanta haƙuri da ƙarfin zuciya. Allah Ya sa abin da bawan nan ya dasa ya daɗe yana amfanar mutane. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya sa ta tarar da itatuwan nan arba'in da uku a tsaye. Amin.