Tashar da Na Ƙi Sauka Saboda Taɓo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, gaisuwa gare ka da dukkan masu sauraro.

Ni maɗinkin riguna ne a cikin birnin Zazzau. Tun ina goye mahaifina ya tafi fatauci bakin kogin Kwara, ya rasu a can, ba mu san inda aka binne shi ba. Bana tsohuwata ta matsa mini in nemo kabarinsa, na tafi Yawuri na ɗauki jirgin ruwa.

Matuƙin ya ce kwana biyu gare mu, in zaɓi inda za mu tsaya. Na zaɓi garuruwa masu kasuwa, a ganina can ake samun labarin bafatake. Da muka zo wata 'yar tasha mai bukkoki kaɗan da tsamiya ɗaya, ya ce, "Malam, mu leƙa nan?" Na dubi taɓon bakin ruwan, na dubi farar rigata mai aska takwas, na ce mu wuce.

Haka na dawo hannu rabbana. A mota na ba wani dattijo masunci labarin, ya ce, "Ai gindin tsamiyar nan akwai kabari, kabarin Bazazzagi muke ce masa." Kafin in dawo hayyacina ya sauka.

Tun ranar allura ta ƙi zama a hannuna. Ko sunan ƙauyen ban sani ba. Mutanen bakin Kwara, don Allah wa ya san wurin? In koma yanzu, ko in jira ruwa ya ja?

Kullum tsohuwa sai ta tambaye ni, "Ka gan shi?" Rigar kuwa ga ta can a rataye, fes, ko ɗigon taɓo babu.