Sunan da Ba Ta Amsa Ba

A ofishin biza na Croydon, a 1976, wata dattijuwa ta leƙa littafin ɗalibin da ke gefenta.

"Ɗan nan, likita kake karanta ko injiniya?"

"Tarihin bayi, Hajiya. Na ƙasar Brazil."

"Gwamnati ta kwashi kuɗin fetur ta turo ka London karatun bayi? Mutanen da ba su san komai ba sai 'to'?"

"Haba, Hajiya! A Bahia, har da Hausawa a cikinsu, da azumi suka sa fararen riguna, suka rataya layu, suka fito wa iyayen gijinsu da takubba."

"Suka ci?"

"An murƙushe su."

"Ka gani? Ai ba sai da takobi ba. An yi wata baiwa a wani rinji, ƙauyen bayi, wajen Zariya, ubangijinta ya raɗa mata Allah-kyauta. An yi dukan, an hana ta tuwo, ko waiwayowa ba ta yi. Har ta koma ga Allah, sai an ce Falmata take amsawa."

"Ikon Allah! A ina kika ji wannan?"

Sai Baturen ofis ya ɗaga murya: "Mrs Falmata Sanusi!"

Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Sunan kakata na ci. In za ka sa a littafinka, ka rubuta shi daidai."