Ragon Sunan da Ya Tsufa

A shekarar samun mulkin kai, Rakiya na zaune a tashar Gidan Rumji, sai wata mai goyo ta zauna gefenta tana ta dariya ita kaɗai.

"Baiwar Allah, faɗa mini in taya ki mana."

"Ragon sunanmu na tuna! Shekara huɗu ana kiwonsa, har haƙoransa suka zube."

"Ikon Allah! Wane irin suna ne haka?"

"Cikina ne ya yi ta girma, tsofaffi suka ce kwantacce ne, ɗan barci yake. Maigida ya sayo rago. Da jini ya ƙi tsaya mini aka kai ni Maraɗi. Likita ya ce ba ɗa ba ne, ƙari ne ya tare mahaifa. Ya ciro shi, aradu kamar kabewa!"

"To, wannan ta bayanki fa?"

"Daga baya na same ta, ita ma aiki aka yi mini. Ran suna nama ya gagari kowa tauna!"

Rakiya ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta dafa nata cikin, wanda ya shekara uku yana barci.

"Yaya, wacce ce motar Maraɗi?"