Kaset a Ƙasan Kwalla

A tashar Gusau, muna cikin motar Tsafe muna jiran ta cika, wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta fito da kaset. Mutumin da ke gefenta ya leƙa.

"Inna, wa'azi ne?"

"Maigidana ne. Saƙon da ya aiko mana daga Makka. Can Allah ya karɓi abinsa, bana shekara huɗu."

"Allah ya jiƙansa. Kina dai saurare?"

"Sau ɗaya tak. Tsoro nake rikoda ta cinye zaren. A ƙasan kwalla yake kwana."

"Ai ajiyar ma tana da nata ciwon. Zare in ya daɗe bai juya ba, mannewa yake yi. Ki riƙa sa biro kina juya shi, ko duk wata biyu. Mu gani. Subhanallahi! Ba a ɓalle masa 'yan haƙoran nan na sama ba?"

"In ɓalle me? Ni da ko ƙuda ban bari ya sauka a kansa ba!"

"Muddin suna nan, duk wanda ya danna jan maɓalli ya goge muryar."

"Wane marar hankali zai yi haka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Ni. Karatun mahaifina ne, izu biyu. Waƙar biki na ɗauka a kai, ban sani ba."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙa masa kaset ɗin da hannu biyu.

"Ɓalle, ɗan nan. Amma ka yi bismilla tukuna."