Babur Ɗin da Aka Hana Goyo

A rumfar mai shayi da ke mashigar babban titin Lahore zuwa Islamabad, Shabbir tela yana jiran iyalinsa su idar da salla, sai wani dattijo ya tsayar da jibgegen babur kusa da ɗan ƙaramin nasa.

"Yallaɓai, irin wannan ne aka yarje wa hawa babban titi?" in ji Shabbir.

"Shi fa," dattijon ya amsa yana cire hular kwano. "Shekara nawa muna roƙon gwamnati. Yanzu kafin la'asar ina Islamabad. Kai fa?"

"Mu masu ƙananan babura sai tsohuwar hanya. Gujranwala za mu, gidan surukai, ni da maiɗakina da yara uku."

"Ku biyar a kan wannan abin?"

"Har da tukunyar shinkafar biryani! Autan a kan tanki, shi ke danna min oda. Naka mutum nawa yake ɗauka?"

"Dokar ta hana goyo. Ni kaɗai."

"Duk girman nan? Hajiya ba ta yi mita ba?"

Dattijon ya jujjuya kofin shayin da aka miƙo masa. "Don ita na saya, wai tana son shan iska. Kafin izinin ya fito ta riga mu gidan gaskiya."

"Allah ya jiƙanta," Shabbir ya ce a hankali.

"Amin." Dattijon ya dubi babban titin, ya dubi yaran da ke tahowa da gudu, sai ya yi murmushi. "Gujranwala ka ce? Miƙo tukunyar nan. A tsohuwar hanya ba wanda ya hana ni goyo."