Gefen Lasifikar Hagu

Ina zaune a tashar motar Dubbo, motar 'yata ta yi latti, sai duba waya nake. Kusa da ni wata matashiya ta ƙura wa rigar wani dattijo ido, riga mai hoton mawaƙi Kev Tolhurst.

"Baba, har yanzu tsohon nan bai ajiye jita ba?"

"Gobe ma yana wasa a Bourke. Can na nufa."

"Haba! Muryarsa fa ta mutu. Rabin waƙar miƙa wa jama'a makirfo yake, su rera masa."

"Ai abin da ke kai mu ke nan, 'yar nan."

"Wato duk garin 'yan amshinsa ne?" Ta kwashe da dariya.

"Yi dariyarki. Kowa da wurin tsayuwarsa. Namu gefen lasifikar hagu ne, tun ina saɓa Darcy a wuya."

"Wane ne Darcy?"

"Ɗana. Tun da na sayar da gonarmu bai sake ɗaga wayata ba. Amma wasan Kev ba ya wuce shi."

Dariyar ta ɗauke. "In ya gan ka ya juya fa?"

"Ya juya bara a Cobar. Amma sai da muka gama amshin tare."

"In gobe bai zo ba?"

Dattijon ya miƙe, ya rataya jakarsa. "Asabar akwai wasa a Nyngan. Muddin Kev na hawa dandali, ina gefen lasifikar nan."