Ƙofar Baya

A bayan asibiti, wani direba riƙe da makullin mota ya tarar da wata mata zaune a benci, gaban wata ƙofa da aka garƙame da kwaɗo.

"Baiwar Allah, ba nan ake gwajin ƙanjamau ba?"

"A da ke nan. Tallafin gwamnati ya ƙare, aka rufe. Sai dai ka zaga ta gaba ka bi layi."

"Ta gaba? Inda ake ƙwala wa mutum kira kowa na ji? Ni ce mini aka yi nan ake shiga a fita ba wanda ya gani."

"Haka maigidana ya ce. Na daɗe ina lallashinsa kafin ya yarda ya zo, sai ya tarar da kwaɗon nan. Ya zaga gaba, ya hango maƙwabcinmu a layi, ya juya."

"Ya dawo daga baya?"

"An dai kawo shi ranga-ranga. Bai tashi ba."

"Allah ya jiƙansa. Ke fa, me kike jira?"

"Maganina na zo karɓa. Nan nake fara zama, sai zuciyata ta yi ƙarfi in zaga."

"To, bari in je, fasinjoji na jirana. Gobe na dawo."

"Malam, zo mu zaga tare. Shi ma gobe ya ce."